Neman kalmar Hausa: me za mu kira "intanshif"?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina da shiri gobe da ƙarfe 7 na safe, kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Sanarwa ce daga ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da rage haɗarin bala'i, wato UNDRR. Suna neman matasa su yi abin da Bature ke kira intanshif a sashen da ke jawo kamfanoni cikin wannan aiki. Wata 2 zuwa 6 ne, babu albashi. Za su tattara bayanai, su rubuta rahoto, su taya shirya taruka da kamfanonin ARISE, wato ƙawancen kamfanoni kan rage haɗarin bala'i da aka ƙaddamar a 2015. Na rubuta "aikin wucin gadi" na goge, don duk wanda ya ji zai ɗauka ana biya. Da me zan fita?

'Yar jarida: Wa alaikumus salam. Horon sanin makamar aiki. Shi muke faɗa kullum, kunnen mai sauraro ya saba da shi.

Mai fassara: Na gode Yaya. To shi mai yin fa? "Mai neman sanin makamar aiki" zai fito sau shida a rubutun minti uku, numfashi zai ƙare mini.

Malamin nahawu: Makoyi, makoyiya, makoya. Irin wannan ginin kalma yana nan tun fil azal, kamar manomi da maƙeri. Ki ambaci dogon sunan sau ɗaya a farko, daga nan ki riƙe "makoyan aiki".

Dattijo: Ku dakata. Shekara da shekaru ina cewa kalmar ita ce "rainon aiki", mai yi kuma ɗan raino ko 'yar raino. Makoyi ai har mai koyon tuƙin keke makoyi ne. Raino kuwa yana nuna akwai babba a kansa, yana duba shi, yana gyara masa, kuma akwai ranar yaye. Ba wannan ce ma'anar abin ba? Gajeriya ce, Hausa ce tsantsa, ba ta ci bashin kowa ba.

'Yar jarida: Allah ya gafarta Malam, waɗannan fa masu digiri ne, wasu har na biyu. Idan na ce wa mai shekara 26 'yar raino, ba za ta ƙara sauraron tasharmu ba.

Dattijo: 'Yata, digiri bai hana a raini mutum a sana'a ba. Girman kai ne ya sa muke gudun kalmominmu, mu rungumi doguwar jimla saboda ta yi kama da ta ofis.

Ɗan Nijar: Mu nan da munka yi karatu da Faransanci, istaj muka cewa, kowa ya gane. In kun ce "makamar aiki" mu ma muna ganewa. Rainon aiki dai ban taɓa jin shi bakin kowa ba, Baba.

Dattijo: Istaj! Mun tsere wa Ingilishi sai mu faɗa Faransanci? Wannan ba Hausa ba ce.

Ɗan Nijar: Baba, da girmanka, kullum in kalma ta hito daga wajenmu sai a ce ba Hausa ba ce, in ta hito daga wajenku sai ta zama daidaitacciya. Mota, kamfani, ofis, tebur, wa ya haife su? Hausa ba ta tsaya bakin iyaka ba.

Malamin nahawu: Gaskiyarsa a nan. Kuma Malam, "bala'i" da ke cikin sanarwar Larabci ce, "haɗari" ma haka. In za mu kori baƙi, jimlar za ta zama kango.

Dattijo: Na Larabci sun shekara ɗaruruwa a gidan, sun zama 'yan gida. Ba ɗaya suke da na jiya ba.

Wadda ta taɓa yi: Ku yi haƙuri in sa baki, don na yi irin wannan zama wata shida a wani ofishi, ba zan faɗi sunansa ba. Raino bai dace da abin da na gani ba, domin babu wanda ya goya ni. Ranar farko aka miƙo mini jerin ƙananan kamfanoni, aka ce in bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi. Ina kuke ajiye takardunku? Idan ruwa ya shigo, na'urar ba da wuta tana ƙasa ko tana sama? Idan mai kawo muku kaya ya tsaya wata guda, kuna da wani? Kuna da inshora? Wani mai ƙaramar masana'anta ya kai ni ɗakin da ya tara kwamfutocinsa da duk lissafin shekaru, a ƙarƙashin bene, ga alamar ruwan bara a bango daidai gwiwata. Bai taɓa haɗa abubuwan biyu a ransa ba sai da muka tsaya muna kallon bangon tare. Aiki ne na gaske na yi, kuɗin mota ma daga aljihuna. Saboda haka kowace kalma kuka zaɓa, don Allah ku faɗa wa matasa ƙarara cewa babu albashi, kuma ba alkawarin ɗauka aiki ba ne. Wanda iyayensa ba su da hali ya san abin da zai shiga.

Mai fassara: Wannan ya taimake ni ƙwarai, zan sa shi a jimla ta biyu. Amma kin tono mini wata. Na rubuta "ɓangaren masu zaman kansu", editana ya ce mutane za su ɗauka ƙungiyoyin agaji ake nufi.

'Yar jarida: Editanki ya yi daidai. "Ƙungiyoyi masu zaman kansu" sun riga sun cinye wannan suna. Ki ce kamfanoni da 'yan kasuwa, shi ke nan. Kuma ki nuna ba tallafin bayan ɓarna ake roƙo a wajensu ba. Da an ce kamfani da bala'i, mai sauraro zai hango motar kayan agaji.

Wadda ta taɓa yi: Nan ne gizo ke saƙar. Rahoton Majalisar na 2013 ya ce a yawancin ƙasashe kashi 70 zuwa 85 cikin 100 na jarin da ake zubawa daga masu zaman kansu yake fitowa. Su ke zaɓar inda za a kafa masana'anta, da irin ginin da za a yi. Ku tuna ambaliyar Tailan ta 2011: ruwa ya shanye unguwannin masana'antu a Ayutthaya, har da ta Honda, kamfanonin da ke ƙera ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta suka tsaya, farashinta ya tashi a duniya baki ɗaya. Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar da sama da dala biliyan 45, mafi yawanta a kan kamfanoni. Shi ya sa Tsarin Sendai na 2015 zuwa 2030, wato shirin da ƙasashen duniya suka amince da shi kan rage haɗarin bala'i, wanda ya gaji irinsa na baya mai suna Hyogo, ya ambace su a cikin masu alhaki.

Malamin nahawu: To a kula da "rage aukuwar bala'o'i" da nake ji a wasu tashoshi. Ba wanda zai rage girgizar ƙasa. Abin da ake ragewa shi ne yiwuwar ta zama ɓarna idan ta tarar da mutane da gini marar ƙwari. "Kasada" ba ta yi ba, don ita da gangan ake shiga. "Rage haɗarin bala'i" ya fi kusa.

Ɗan Nijar: A rediyo haɗari da hadari suna iya cakuɗewa, balle ana zancen ambaliya. Ta ce hatsari.

Malamin nahawu: Hatsari kuma sai a hango mota ta kife.

Dattijo: Kun bar maganar raino kun tafi wani wuri. Ni ban janye ba. Ita wannan baiwar Allah da ta ce ba a goya ta ba, laifin ofishin ne, ba na kalmar ba. Da sunan raino aka ɗauke ta, da sun ji nauyin kula da ita.

Wadda ta taɓa yi: Wannan kam Baba ka taɓa ni. Na so a ce akwai wanda ya zauna da ni ko sau ɗaya a mako. Amma har yanzu ba zan so a kira ni 'yar raino a gaban shugaban kamfani ba.

Mai fassara: Dare ya yi, ga abin da zan karanta: "Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da rage haɗarin bala'i yana neman matasa don horon sanin makamar aiki na wata 2 zuwa 6, ba tare da albashi ba. Makoyan za su taimaka wajen jawo kamfanoni da 'yan kasuwa su yi shiri tun kafin bala'i ya auku." Baba, zan sa "ƙarƙashin kulawar ƙwararru" saboda maganarka.

Dattijo: Kulawar ƙwararru ai raino ne aka sa wa riga. Ki karanta haka tunda lokaci ya ƙure miki, amma ni a ajina rainon aiki zan ci gaba da koyarwa.

Ɗan Nijar: Haɗarin fa? Ba mu gama da shi ba.

Mai fassara: Zan danne ɗ ɗin sosai gobe. In an kira tasha an ce ba a gane ba, zan dawo muku.