Bizar K-1 ko CR-1: wacce ta dace idan za a ɗaura aure a Kano?

Abu Hanif ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Maryland ta Amurka, kuma na riga na samu takardar zama ɗan ƙasa. Akwai yarinyar da nake nema a Kano, magabata sun gana, har an sa rana bayan Babbar Sallah. Abokaina sun rabu gida biyu, wasu na cewa in nema mata bizar K-1 ta waɗanda aka yi wa baiko domin ta fi sauri, wasu kuma na cewa in bi ta CR-1 ta ma'aurata. Ba lallai ne aiki ya bar ni in halarci ɗaurin auren ba, ƙanin mahaifina ne zai karɓa mini. Shin zan iya bari a ɗaura, sannan in nemi K-1, tunda ba mu yi rajista a hukumance ba?

Maman Ilham ta amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Abu Hanif, kada ka soma. Bizar K-1 ta waɗanda ba su yi aure ba ce, kuma da zarar an biya sadaki, waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa a gaban shaidu, aure ya tabbata a dokar Najeriya ko da rajista ko babu. Amurka kuwa tana duba ingancin aure ne bisa dokar wurin da aka ɗaura shi. Idan jami'in da ke ganawa da ita a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Legas ya ga katin gayyata ko hoton amarya da lalle ana walima, yana iya ƙin ba ta bizar, idan kuma ta ɓoye aka gano daga baya, ana iya haramta mata shiga ƙasar har abada saboda ƙarya.

Ita K-1 ɗin ma saurinta a farko ne kawai. Za ka cika fom ɗin I-129F na neman a ba wadda za ka aura biza, ka nuna kun haɗu ido da ido cikin shekaru 2 da suka wuce, ku yi aure cikin kwana 90 da saukarta, sannan ta cika fom ɗin I-485 na neman izinin zama na dindindin da sabon kuɗi, ta zauna jiran izinin aiki da na fita ƙasar. Ban da wannan, wane uba ne a Kano zai ɗora 'yarsa a jirgi zuwa wurin namijin da ba a ɗaura musu aure ba?

Baffa Sadi ya amsa:

Na goyi bayan Hajiya, CR-1 ce ta dace da yadda muke aure. Sai dai akwai wani tarko a maganar wakilcin nan da ya kamata ka lura da shi, ɗana. A dokar shige da fice ta Amurka, auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya suna wuri guda ba bai zama hujja ba sai sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Ma'ana, idan baffanka ya karɓa maka aure kana Maryland, ba za a karɓi I-130 ɗinka, wato fom ɗin da za ka nema wa matarka izinin ƙaura da shi, ba sai ka je gida kun zauna tare. Saboda haka ka nemi hutu ko na mako biyu ne, ka adana tikitin jirgi da hatimin shigarka Najeriya a fasfo da hotunanku tare da dangi, ka kuma karɓi takardar shaidar aure mai ɗauke da ranar da aka ɗaura da sunayen shaidu.

Bayan an amince da I-130, ita za ta cika DS-260, fom ɗin neman bizar ƙaura, ta yi gwajin lafiya a asibitin da suka amince da shi, ta kawo takardar 'yan sanda mai nuna ko ta taɓa aikata laifi, kai kuma ka sa hannu a I-864, takardar alƙawarin ɗaukar nauyinta, inda za ka nuna kuɗin shigarka ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatinsu, ko ka samo wanda zai tsaya maka. Ranar da ta sauka ta zama mai izinin zama, tana iya aiki, tana iya komawa ganin gida. Idan auren bai cika shekara 2 ba a lokacin, katin izinin zamanta na wucin gadi ne, sai ku cika fom ɗin I-751 na cire wannan sharaɗi tare cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare.

Ummu Sultan ta amsa:

Ba ka faɗa mana ko ka taɓa aure ba. Idan akwai uwargida ba za a amince da ta biyu ba, idan kuma kun rabu, sai ka kawo takardar da ke tabbatar da sakin ya auku kafin wannan ɗaurin. Ka kuma duba shafin ofishin jakadancin kafin ka biya ko sisi, domin a 2020 an dakatar da ba 'yan Najeriya bizar ƙaura sai a 2021 aka janye, kuma irin wannan umarni na shugaban ƙasa yana iya sauya lissafin gaba ɗaya.

Abu Hanif ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Wannan ne aurena na farko. Zan nemi a matsar da ranar zuwa lokacin da zan samu hutu, domin in kasance a Kano da kaina.