Tambaya a kan tafiya kamun kifi da fatsa a tsibiran Bijagos

Ɗan Yauri ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne da ya yi ritaya, kuma tun ina yaro nake jefa fatsa a kogin Kwara, wajen Yauri, don nishaɗi da ɗan abin miya. Wani tsohon abokin aikina ya gayyace ni mu tafi tsibiran Bijagos na ƙasar Gini Bisau, inda ya ce mutane kan zo daga Turai su yi mako guda suna kamun manyan kifayen teku. Ban taɓa shiga teku ba. Ina roƙon wanda ya san wurin ya bayyana mini lokacin da ya dace a je, da kayan da ake buƙata. Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai: abokin nawa ya ce idan aka kama babban kifi, sai a ɗauki hotonsa a mayar da shi cikin ruwa. Ta yaya mutum zai kashe kuɗin jirgi da na masauki, ya sha rana, sa'an nan ya koma gida hannu rabbana?

Mai Fatsa na Tiga ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Na je sau ɗaya, a watan Fabrairu, kuma zan faɗi abin da idona ya gani. Tsibiran guda 88 ne, waɗanda mutane ke zaune a kai kuwa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Babban garinsu shi ne Bubake, kuma masaukan masu fatsa suna nan ne da tsibirin Rubane da ke fuskantarsa. Daga Najeriya sai an ya da zango, galibi a Lome ko Dakar, kafin a sauka Bisau, daga nan kuma a shiga jirgin ruwa. Babban jirgin fasinja yakan ci sa'o'i huɗu zuwa biyar, ƙaramin jirgi mai gudu kuwa bai cika wuce biyu ba. Damina takan kama daga Yuni zuwa Oktoba da ruwa mai ƙarfi, saboda haka harkar ta rani ce, daga Nuwamba zuwa Mayu.

Kifin da ya fitar da sunan wurin shi ne tarfon, mai manyan ɓawo masu ƙyalli kamar azurfa. A watan Maris na 2003 wani mai suna Max Domecq ya kama guda a Rubane wanda ya kusa kilo 130, kuma shi ne aka rubuta a matsayin tarfon mafi nauyi da aka taɓa kamawa da fatsa. Don ka kwatanta, kifin da ya ci gasar Argungu a 2020 kilo 78 ne. Amma kada ka auna tarfon da giwan ruwa. Cikin bakinsa tauri ne da shi kamar ƙashi, ƙugiya ba ta kama shi da sauƙi, kuma da zarar ya ji ta sai ya yi tsalle ya fito daga ruwa gaba ɗaya yana girgiza kai. A daidai lokacin ake so ka sunkuyar da sandar wajensa, ka sassauta zaren, domin idan ka ja da ƙarfi kamar yadda hannunmu ya saba a kogi, zaren zai tsinke. Ni biyu na rasa ta haka a rana ɗaya, matuƙin jirginmu yana ta yi mini tsawa cikin Kiriyol, harshen da ban san ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Na uku na yi fiye da sa'a ɗaya ina fama da shi, har yatsuna suka ƙi miƙewa da na zo yin alwala.

Game da kaya, shawarata ita ce ka bar naka a gida. Sandar da muke kama tarwaɗa da ita ba za ta jure ba, kuma gishiri yana cinye ƙarfe cikin kwanaki kaɗan idan ba a ɗauraye shi da ruwan daɗi kowace yamma ba. Masaukan suna ba da hayar sanda da abin naɗe zare. Abin da za ka riƙo shi ne hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa.

Malamin Ruwa ya amsa:

Ɗan'uwana ya yi bayanin kifi, ni kuma zan ƙara da maganar ruwan kansa, domin a nan ne mutumin kogi ya fi ruɗewa. Kogi yana cika ne da damina ya janye da rani. Teku kuwa sau biyu take cikowa ta janye a kowace rana, kuma a Bijagos bambancin yakan kai mita huɗu ko fiye, ta yadda wurin da jirgi ya ratsa da hantsi zai iya zama filin yashi da taɓo kafin la'asar. Wata ne ke jan ruwan, saboda haka cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, lokacinta kuma yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Duk wanda ya saba lissafin watan Musulunci ya riga ya sami rabin ilimin. Manyan kifaye sukan tsaya a bakin mashigai suna jiran ƙanana da ruwan ke korowa daga cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, don haka ruwa ne ke yanke lokacin fita, ba agogo ba.

Mu kanmu mun taɓa makara da rabin sa'a kawai, jirginmu ya zauna a kan yashi, muka yi azahar da la'asar a wurin, ruwan shanmu ya kusa ƙarewa kafin teku ta dawo ta ɗaga mu. Idan haka ta same ka kuma ka sauka cikin ruwa marar zurfi, ka riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, saboda akwai wani faffaɗan kifi mai ƙaya a wutsiya da ke binne kansa cikin yashi. Ka tafi da katin rigakafin shawara, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da na jiri. Kuɗinsu sefa ne, irin wanda ake kashewa a Maraɗi. Mutanen tsibiran da yawa suna kan addinin gargajiya, suna kuma da wuraren da suke girmamawa, kamar tsibirin Poyilawo inda kunkurun teku ke zuwa yin ƙwai, kuma ba a sauka a irin waɗannan wurare sai da izini. A wajen abinci, shinkafa da kifi sun wadatar.

Jikan Sarkawa ya amsa:

Ni ban je ba, kuma ba na jin zan je, amma a gidan masunta aka haife ni, kuma tambayar Alhaji ta ƙarshe ba a amsa ta ba. A wurinmu kifi arziki ne da Allah ya kawo, wanda ya kama ya ci, ya sayar, ya ba maƙwabci. A soke dabba da ƙugiya, a wahalar da ita sa'a guda, sa'an nan a sake ta da rauni don a sami hoto, wannan bai kwanta mini ba, kuma ina ganin ya kamata Alhaji ya tambayi malaminsa kafin ya biya kuɗin jirgi.

Mai Fatsa na Tiga ya sake amsawa:

Maganarka tana da nauyi, Baba, kuma ni ma na yi ta juya ta a raina. Sai dai ba kowane kifi ake saki ba. Barakuda, wani dogon kifi mai kaifin haƙora, da jan kifin da ke zama a gindin duwatsu ana kai su masauki a dafa, ragowar kuma ma'aikata su kai gidajensu. Tarfon ne ake saki, saboda namansa ƙaya ce tsantsa, kuma yana daɗewa kafin ya girma, har wani yakan haura shekara 50, manyan kuwa galibi mata ne masu ɗauke da ƙwai. Ka san yadda giwan ruwa ya ragu a Kainji da aka yi ta kwasa ba a bari ya girma. Ana kuma amfani da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, wadda takan kama a gefen baki maimakon ta shige ciki, sannan ba a ɗaga kifin cikin jirgi, a gefe ake riƙe shi har ya dawo hayyacinsa. Duk da haka ba zan ce ba ya jin jiki ba. Nawa ya ɗauki mintuna kafin ya kaɗa wutsiya ya nutse.

Ɗan Yauri ya rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan kai maganar Baba wurin malam ranar Juma'a. Idan tafiyar ta yiwu, na gaya wa abokina mu duba kalanda mu sa ta a farkon wata cikin Janairu, kuma ni dai jan kifin nan da ake dafawa zan fi nema.