Waya na jone a mota amma caji sai sauka yake

Abban Sadik: Salamu alaikum 'yan uwa, a ba ni shawara. Corolla ta 2014 nake ja, ta yayana ce, ya ba ni in riƙa ɗaukar fasinja ta manhaja a Abuja, duk Juma'a in kai masa balas. Mutum ne da ba ya son a taɓa masa komai a mota, ko sitika ya hana. To wayata na jone a ramin USB tun safe, alamar caji na nunawa, amma kafin azahar ta kusa mutuwa. Jiya ta ɗauke da fasinja a ciki. Batirin wayar zan canza ko wajen rewaya zan je?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kar ka je ko'ina. Ramin nan don filashi da waƙa aka yi shi. Yawancin irinsa rabin amp yake bayarwa a bolt 5, wato wat 2.5 kacal. Taswira da data da hasken fuskar waya sun isa su cinye wannan. Cajar gida mai wat 18 ta ninka shi sau bakwai. Sayi caja ta ramin kunna sigari, can bolt 12 ne.

Maman Ummi: Allah Ya kyauta. Ni irinta na saya a go-sulo, kwana biyu ta fara ƙauri. Mai gidan har yau yana min gori. Fawabank ya fi kwanciyar hankali.

Ɗan Zariya: Malam, batirinka ne ya gaji. Tawa a wannan ramin take cika.

Injiniya: Taka a aljihun kujera take kwance, fuska a kashe. Tasa kuwa? Kuma in tana manne a gilashi cikin rana, waya da kanta take rage caji idan ta yi zafi. Hajiya, ke jabu kika saya.

Abban Sadik: A gilashi take, amma a ina zan sa ta in ga hanya? Wayar ma sabuwa ce. Ramin sigarin kuma tun da na karɓi motar ba ya aiki.

Injiniya: Fiyus ne, amp 10 ko 15. Minti biyar an canza.

Abban Sadik: Injiniya, ba ka san Yaya ba ne. In na sayi doguwar igiya mai kauri fa, ba za ta ƙara ba?

Ɗan Zariya: Wai nawa kake kai masa balas ɗin?