Zaman ofis ɗaya: yaya kuke yi da abokin aikin da ke hana ku sakat?

Akanta, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni shan wannan. Mu shida ne a ɗaki ɗaya, tebur na gogar tebur, aikina kuma lissafi ne. Wadda ke kusa da ni ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma saƙon murya na WhatsApp take saurare a buɗe tun safe, ta amsa shi a buɗe: zancen biki, zancen adashe, zancen makarantar yara. Ƙarshen wata, lokacin haɗa takardar albashi, sai in kai tsakiyar layi lambobin su tsere min, in koma farko. Abin da ya ɗaure min baki shi ne mutuniyar kirki ce. Da na haihu ita ta fara zuwa asibiti. Ta ina zan fara?

Malamin jami'a, Zariya:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki ɗauka rashin haƙurinki ne. A 2010 wata mai bincike a jami'ar Cornell ta Amurka, Lauren Emberson, da abokan aikinta sun gwada, suka ga jin ɓangare ɗaya na hirar waya ya fi ɗauke hankali fiye da jin mutum biyu suna hira a gabanka. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa ba ta san lokacin da maganar za ta dawo ba, ba ta kuma san abin da wancan ya faɗa ba, sai ta tsaya tana jira tana ƙoƙarin cike giɓin ko ba ki so. Shi ya sa ƙarar janareta ba ta hana ki lissafi, amma "to sai me ta ce?" ta hana ki.

Mu uku ne a ofishinmu, ga ɗalibai masu kawo furojet suna shiga suna fita. Abin da ya raba mu da rigima shi ne yarjejeniyar da muka yi tun farkon zango: waya a baranda, ganin ɗalibai bayan azahar. Da yake dokar ta hau kan kowa, har ni, babu wanda ya ji da shi ake.

Tsohon ma'aikaci mai ritaya, Katsina:
'Yata, ki saurare ni. Na yi aikin gwamnati tun zamanin tafireta, kuma abin da na gani yana kashe zumunci a ofis shi ne kawaicin da ba na gaskiya ba. Mutum ya yi shiru a gaban mai abin, ya fita ya juye wa kowa. Wanda ake magana a kansa shi ne na ƙarshen ji, kuma idan ya ji, ba ya jin gyaran, cin fuskar kawai yake ji. Allah ya hana mu wannan a cikin Suratul Hujurat, aya ta 12.

Akwai wani abokin aikina, Allah ya jiƙansa, ɗan ƙaramin rediyonsa a kan tebur daga shigowa har tashi, ga goro, ga tofar da tuƙa a kwandon shara da ke tsakaninmu. Ofis gaba ɗaya ana ƙunƙuni, har suna aka sa masa a ɓoye. Ni sai na bar maganar ofis a ofis. Wata Asabar na je gidansa gaisuwa, muka ci abinci, da zai raka ni bakin hanya na ce masa, "Malam, wata alfarma nake nema. Idan ina rubuta wasiƙa rediyon nan yana raba min hankali, kunnena ne ba ya iya haɗa biyu." Ban ce yana damun mutane ba, ban ce ana magana ba. Na ɗora abin a kan buƙatata. Ya yi shiru, ya ce me ya hana in faɗa masa tuntuni. Daga ranar sai lokacin labarai yake kunnawa. Maganar goron kuwa ban haɗa ta a ranar ba, sai da aka kwana biyu. Idan ka kawo wa mutum laifi biyu a zama ɗaya, kare kansa zai tsaya yi.

Ke da kika ce ita ta fara zuwa asibiti, ai kina da ƙofar shiga da ba kowa ke da ita ba. Ki same ta ita kaɗai, ki kira ta Anti ko Yaya kamar yadda kika saba, ki roƙi abu ƙwaya ɗaya: sa'o'in da kike haɗa albashi.

'Yar bautar ƙasa, Sakkwato:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma shawararka ta sa'o'in juna ce. Ni fa kofa ce. Duk wanda ya shigo ya fi ni, kuma takardar sallamata ta wata-wata tana hannun waɗannan mutanen. An ba ni aikin shigar da bayanai a kwamfuta, amma kafin in shigar da layi goma an ce in sayo ruwa, in kai fayil sama, in duba wa wani dalilin da ya sa wayarsa ba ta hawa intanet. Da na fara sa abin kunne don in tattara hankalina, sai aka ce ina da girman kai, ana gaishe ni ba na amsawa. Na cire. Yanzu aikin a gida nake ƙarasawa da dare, ranar da aka samu wuta.

Ma'aikaci, Maraɗi:
Mu a nan rigimarmu ta soket ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da muke amfani da shi, ba a maido ba sai Maris ɗin 2024. A watannin nan kowa da salularsa, da fitilarsa, da na iyalinsa yake zuwa aiki. Da an tada injin wuta, sai ka tarar an zare kwamfutarka an sa caja, aikin da ba ka adana ba ya tafi. Ban ga laifin kowa ba, gida duhu ne. Karo-karo muka yi muka sayi doguwar waya mai baki da yawa, muka aje ta a kusurwa, muka liƙa jar leda a kan soket ɗin kwamfuta. Magana ta ƙare ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba.

Ma'aikaciyar rajista, Kaduna:
Ni asma gare ni, kuma abin da ke tada min ita turare ne. Wata abokiyar aikina kullum da humra mai ƙarfi, wani lokaci har turaren wuta take sawa a ofis wai don warin tsofaffin fayiloli. Da hunturu, taga a rufe saboda ƙura, ƙirjina ya riƙe kafin sha biyu. Wannan ya fi na waya wuyar faɗa, domin mace za ta iya ɗauka kina kushe tsaftarta ne. Abin shaƙata na nuna mata, na ce mata ƙamshin yana min daɗi, huhuna ne ba ya ɗauka. Ta daina turaren wutar, humrar ta rage kaɗan, ni kuma na koma teburin bakin ƙofa. Ban samu duka ba, amma ina numfashi.

Lokacin da gwamnatin Kaduna ta kawo tsarin aikin kwana huɗu a Disambar 2021, Juma'a daga gida, a nan na gane yawan lokacin da hayaniya ke ci min. Abin da ke ɗaukar min yini a ofis, kafin a tafi masallaci na gama shi.

Ma'aikacin kamfani, Abuja:
Namu babban zaure ne babu bango, wai don a riƙa cuɗanya. Masu bincike Ethan Bernstein da Stephen Turban na jami'ar Harvard ta Amurka sun bi diddigin kamfanoni biyu da suka rushe bango haka, suka wallafa a 2018 cewa magana fuska da fuska ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, saƙon imel ya ƙaru. Haka nake gani da idona: kowa ya toshe kunne ya duƙufa. Sai safiyar Litinin, a barke da musun Arsenal da Manchester United har ƙarfe goma. Ni ma ina son ƙwallo, don haka ban nemi a hana ba. Aikin da ke buƙatar natsuwa na mayar da shi sassafe kafin a cika.

Hajiya mai saida atamfa, Bauchi:
Ni ina cikin waɗanda kuke magana a kansu, don haka ku bari in ce wani abu. Ina kawo atamfa da leshi ofis. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya cinye albashi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024, buhun shinkafa ya wuce shi a shekarar. Ba sha'awa ce ta sa nake buɗe jaka a kan tebur ba, marayu nake riƙo. Abin da ya ƙona min rai, a bakin masinja na ji cewa ana kirana mai kasuwar ofis, alhali masu faɗa suna cikin waɗanda ke karɓar kayana bashi. Da ɗaya daga cikinsu ta ja ni gefe, wallahi da na gode mata. Yanzu hoto nake sawa a sitatus, kayan suna mota, mai so ta same ni lokacin sallar azahar. 'Yar'uwata ta Kano, ki faɗa mata da bakinki kafin ta ji a bakin wani.

Shugaban sashe, Gusau:
Kowa ya amsa wa mai tambaya, an bar ƙanwarmu ta Sakkwato, kuma nata ya fi damuna, domin irinsu ba su da bakin magana. Ƙanwata, kada ki tunkari masu aikenki ɗaya bayan ɗaya, ba za ki ci riba ba. Ki je wurin wanda ya ba ki aikin shigar da bayanan, ki kai masa abin da kika yi da abin da ya rage, ki ce, "Ranka ya daɗe, ina so in gama wannan a kan lokaci, ko za a ware min daga safe zuwa sha biyu?" Kada ki ambaci sunan kowa. Idan ya amince, duk wanda ya aike ki a wannan lokacin ki ce Oga ya ce ki gama wannan tukuna. Abin kunnen kuma ki sa ɗaya ki bar ɗaya, kuma ki zagaya ki gaida kowa da safe kafin ki zauna.

Mu shugabanni kuma da namu. A sashena, idan ƙorafi ya zo min, a taron wata nake tada shi ba tare da suna ba, kamar yadda Manzon Allah (SAW) kan ce me ya sami wasu mutane suke yin kaza. Mafi yawa a nan yake mutuwa. Wanda bai gane ba in kira shi ofishina mu biyu. Aiken 'yan bautar ƙasa kuwa na hana shi baki ɗaya, mai son ruwa ya aiki masinja ko ya tashi da ƙafarsa.