Finafinan barkwanci marasa magana: akwai sauran amfanin kallonsu?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Finafinan nan na su Chali Chaplin, baƙi da fari, babu magana, sun kai a ƙone data a kansu? Waɗanda ke yawo a waya kowa sai zabura yake kamar an jefa mai kunama cikin riga. Haka aka yi su, ko lalacewa ce?

Na Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sun kai, amma zaburar nan yawanci laifin kwafi ne. Kyamarar lokacin da hannu ake murza ta, tana ɗaukar hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa. Da sauti ya shigo bayan 1927 aka tsayar da 24. Abin da aka ɗauka a 16 in aka kunna shi a 24, gudunsa ya ƙaru da rabi ke nan. A VLC, manhajar kunna bidiyo, rage gudun zuwa 0.75, sai dai kiɗan zai ja. Kuma bar allon a 4:3, wato siffar hoton ta asali. In ka cika shi, ƙafafu ke yankewa, alhali rabin dariyar Chaplin a tafiyarsa take.

Malama ta Arkilla:
Ɗana, fara da Buster Keaton, ɗan barkwanci na zamanin Chaplin. A Steamboat Bill, Jr. na 1928 gaban gida guda ya faɗo masa, ya tsira ta ƙaramar taga da ke buɗe, yana tsaye ko ƙifta ido bai yi ba. Bango ne na gaske, an auna inda zai tsaya, da ya goce kaɗan sai gawa. Harold Lloyd kuwa, wani ɗan barkwancin, da ya rataya jikin agogo a fim ɗinsa na 1923, hannunsa na dama babu babban yatsa da manuni, ya rasa su tun 1919. Barkwancinmu irin na marigayi Ibro a baki yake, sai mai jin Hausa. Wannan ko tsohuwar da ba ta san Turanci ba za ta riƙe ciki.

Na Gidan Igwai:
Gaskiya ne Malama, sai dai kar a danƙa wa yara kai tsaye. Wasu akwai shan giya da buguwa, wasu akwai Bature ya shafa baƙi a fuska yana yi wa baƙar fata izgili, don haka babba ya fara dubawa. A soma da gajeru na minti 20, kamar One Week na Keaton na 1920. Kar a kashe sauti, dama da mai kiɗa a gaban allo ake nuna su.