Raunin tsautsayi: wa ke da alhaki?

Ga abin da na tsinta daga wata doguwar tattaunawa da aka yi kan wanda ke da alhaki idan mutum ya ji rauni ta hanyar tsautsayi.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Abubuwan da aka fi ambata suna jawo rauni: haɗarin mota, santsi, faɗowa daga tsani, ƙuna, da injin wurin aiki.

2. "Ba da gangan ba ne" ba ya wanke mutum. Sakaci kotu ke dubawa: akwai nauyin kulawa a wuyansa? Ya yi sake? Saken ne ya jawo raunin? Wanda ya wanke daɓen da jama'a ke bi, bai sa alama ba, wani ya zame ya karya ƙugu, da wuya ya kuɓuta.

3. A je asibiti a ranar, a ɗauki hoton wurin kafin a gyara, a adana rasit. Shigar da ƙara ma yana da wa'adi.

Inda aka rabu:

4. Idan mai raunin da nasa laifin, kamar rashin ɗaura bel a mota. Wasu sun ce a rage masa diyya, wasu sun ce bai cancanci komai ba. Dokokin ƙasashe ma sun bambanta a nan.

5. Sulhu ko kotu? Masu son sulhu sun fi yawa. Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa kada a sa hannu a takardar sulhu sai likita ya tantance girman raunin.