Masu karatu a NOUN, bidiyo kuke bi ko littafin kwas?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Bana na shiga NOUN, wato buɗaɗɗiyar jami'ar nan ta Najeriya da ake karatu daga gida, fannin kasuwanci nake karanta, kuma shago nake tsaro a Kwari, tun safe sai bayan magariba nake dawowa gida. To in na buɗe PDF ɗin kwas a waya ko shafi biyar bana kaiwa idona ya fara ruwa bacci ya kwashe ni, amma in bidiyon lakca ne zan iya awa guda ina kallo kuma ina jin abin yana shiga sosai. Matsalar dai data, tun da aka ƙara kuɗinta farkon 2025 abin yana min nauyi wlh. Shin in na dogara da bidiyo kaɗai zai ishe ni cin jarabawa, ko dole sai littafin?

Maman Ilham:
Wa'alaikumus salam. Ɗan uwa gaskiya littafin nan kar ka sake shi, daga cikinsa tambayoyi suke fitowa, TMA, wato aikin gwajin da ake yi a cikin zango kafin jarabawa, maki 30 ne jarabawa 70, kuma duk biyun in ka duba za ka ga abin da ke rubuce a littafin ne. Yanzu kana aji ɗaya a kwamfuta za ka yi, zaɓi ne da cike gurbi, shi ya sa kake ganin kamar kallo zai wadatar, amma daga aji uku takarda da biro ne, za a ce ka yi bayani da hannunka, kuma a nan ne mai kallo kaɗai yake shan wuya. Ni aji uku nake, na gani a kaina. Wannan jin da kake yi cewa ka gane, gwada shi, in bidiyon ya ƙare kife wayar ka ɗauki takarda ka rubuta abin da malamin ya faɗa. Ranar da na fara gwadawa layi huɗu na iya rubutawa bayan minti arba'in ina kallo, ranar hankalina ya tashi sosai.
Kuma matsalarka ba karatun ba ne, wayar ce da gajiya. Ka je a buga maka littafin a takarda a ɗinke, ko kwas biyu masu wahala ne kawai, ka koma yi bayan asuba kafin ka fita kasuwa.

Kabiru Lissafi:
Hajiya na yarda dake amma ba a kowane kwas ba. Shi da yake kasuwanci akwai lissafi da akanta a gabansa, waɗannan ko sau goma ka karanta misalin da ke littafi wani lokacin ba za ka ga yadda aka tsallaka daga layi na biyu zuwa na uku ba, sai ka ga mutum yana yi a allo da hannunsa. Ni bidiyo ne ya cece ni a nan. Sharaɗin dai biro na hannunka, yana rubuta tambaya ka tsayar ka gwada da kanka sannan ka saki ka ga inda ka kauce. Batun data kuwa, ka sayi ta dare ka sauke su a ajiye, ka rage hoton zuwa 360, rubutun allo yana fitowa ras. Wanda malamin karanto abin da ke allo kawai yake yi, wannan kar ka ɓata datarka a kai.

Malam Na Zaure:
Yarana, abin nan ba sabo ba ne ai. Mu da muka yi karatun zaure, malam yana biya maka Ahalari kai kuma littafinka na buɗe a cinyarka kana bi da yatsa, ya fassara, ka koma gida ka maimaita, gobe sai ka kawo na jiya kafin a ƙara maka. Ba wanda yake zuwa gaban malam hannu rabbana ya ce sauraro kawai zai yi. Abban Sadiq, ka fara leƙa babin ko sama-sama ne ka sa alama inda ya ɗaure maka, sannan ka kunna malamin littafin na gabanka. Allah ya ba da sa'a.

Abban Sadiq:
Amin Malam, na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya na gwada abin da kika ce jiya da dare, layi uku na samu. Gobe in sha Allah zan kai a buga min guda biyu. Kabiru, wayata ba ta da wuri sosai, in na sauke na kalla in goge ko in sayi memori?

Kabiru Lissafi:
Sayi memori, na lissafin za ka sake nemansu sati biyu kafin jarabawa.